Buhunan Jan Ƙyalle

Ranar Talata 'yata Auta ta riga kowa tashi, kamar kullum. Gari bai gama wayewa ba na ji ƙarar bokiti a bayan gida. Ƙarfe shida da rabi na fito na same ta a tsugune gaban buhunanta, da gwangwanin madara a hannu, tana auna ruwa kamar mai ba jariri magani.

Buhunan shinkafa ne ta cika da ƙasa da taki, ta dasa tumatir ɗaya a kowanne, ta jera su jikin katanga. Rabinsu ta ɗaura musu shuɗin ƙyalle a baki, rabi ja. Masu shuɗi kullum suna shan ruwa. Masu ja kuwa rana ɗaya su sha, kwana biyu su yi haƙuri. Ba ta ware su layi-layi ba, gauraya su ta yi, don kada inuwar katanga ta fifita wani a kan wani. Gwaji ne na cibiyar binciken noma. Ita malamar gona ce, aikinta ta kai wa masu lambu abin da cibiyar ta gano, ta dawo wa cibiyar da ƙorafinsu. Abin da ake son sani shi ne ko wannan sabon iri zai yi 'ya'ya da ruwa kaɗan, saboda matan unguwannin da ba famfo, waɗanda ke noma a buhu da ruwan saye.

Mahaifinta, wanda nake kira Malam, ya fito da kofin shayi ya tsaya a kanta. Ma'aikacin jinya ne, daga ɗakin yara na asibiti ya yi ritaya.

"Jajayen nan naki ba su da lafiya," ya ce. "Dubi ganye. Da a ɗakina aka kwantar da su, da tuni na sa musu ƙarin ruwa."

"Baba, ka yi ritaya."

"Takarda ce ta yi ritaya, ido bai yi ba."

"Mama, ki zama shaida. Ranar da na taɓa ƙasar nan na ji danshi, na san wanda zan kai wa sammaci."

"Ni ba na shiga shari'ar uba da 'ya," na ce. "A ƙarshe ku shirya ku bar ni da kunya."

Ƙarfe bakwai da rabi ta ci burodi a tsaye, na yi mata faɗan da nake yi mata tun tana sakandare. Ƙarfe takwas ta tura babur ɗin ofis waje, sai da ta buga shi sau uku ya tashi. Wajen sha ɗaya ta kira ni ta ce in janye tiren irin da ta bari a taga, rana ta iso wurin. Na janye. Ƙarfe ɗaya aka sa shirin manoma a rediyo, a ciki akwai maganarta ta minti biyar da aka naɗa tun makon jiya, kan farin ƙwaron da ke maƙalewa a bayan ganye. Malam ya ƙure muryar rediyon har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Mun ji, Allah ya raya." Ƙarfe huɗu ta dawo da laka har gwiwa, tana mitar wata mata da ta zuba wa barkononta ruwan wanki mai sabulu sannan ta ce irin gwamnati ne ba shi da kyau. Da yamma ta auna tsayin tsire-tsiren da rula, ni ina rubuta mata. Bayan cin abinci yayanta ya kira daga garin da yake aiki, ya ce ina manomiya, ta ce tana nan tana ciyar da ma'aikatan banki. Ta wanke kwanuka. Ta ce mana sai da safe.

Ba ta ce kanta na ciwo ba. An yi mini wannan tambayar sau da yawa, amsar ke nan.

Ranar Laraba da hantsi, a lambun ƙungiyar mata, tana nuna musu yadda ake ɗaure tumatir a jikin sanda ba tare da an shaƙe shi ba, ta ce bari ta ɗan zauna. Ta zauna a kan jarka, ta zame ƙasa. Likita ya ce jijiyar jini ce ta fashe a kanta, kuma mai yiwuwa da raunin aka haife ta. Ta cika kafin la'asar. Shekarunta ashirin da tara.

Ita ce ta uku cikin 'ya'yanmu, kuma ta ƙarshe. Ni malamar kimiyya ce, na koyar a makarantar 'yan mata har na ajiye alli, kuma na so ta karanci likitanci. Makinta ya kai. Ta zaɓi noma ba tare da ta yi shawara da kowa ba, sai takardar shiga jami'a muka gani. Na yi kwanaki ina amsa mata magana da kalma ɗaya. Mahaifinta ne ya ce in tuna yarinyar da na haifa: tana aji uku na firamare ta huda mini sabuwar roba ta shuka wake a ciki, da na kama ta ta ce ai robar ba ta mutu ba, aiki ta canza.

Ba mai yawan fara'a ba ce a wajen baƙi. Tana da gajen haƙuri da mutumin da ya ce "kusan" ko "kamar dai". In manomi ya ce mata ya zuba taki kaɗan, sai ta ce kaɗan ɗin tafin hannu ne ko kaɗan ɗin kwano. Wannan a wurina ta ɗauko, ban musa ba. Amma takan zauna a ƙasa wajen tsohuwa ta saurari labarin ciwon ƙafarta har ƙarshe kafin ta kai ga maganar ganye, wannan kuwa halin ubanta ne. Wayarta ba ta hutawa. Hotunan ganye ake turo mata, rawaya da masu ɗigo-ɗigo da waɗanda suka nannaɗe, tana cin abinci tana buɗa su da yatsa biyu. Akwai wanda yake nemanta da aure, malamin lissafi, mutumin kirki. Ta ce a bari ta cire tumatir tukuna.

Kwanakin farko gidan cike yake da masu ta'aziyya. Ban san wanda ya dafa abin da aka ci ba. Abin da na sani shi ne da safe nakan zame in je bayan gida in ɗauki gwangwanin. Na san tsarin, tunda ni ke rubuta mata. Shuɗi kullum, ja ranar da ta zagayo. Ban yi tunanin komai a kai ba. Abu ne da ake yi da safe, mai yin sa ba ta nan, sai na yi.

Da mutane suka ragu, shugabarta ta cibiyar ta zo, wadda Auta ke kira Dakta. Bayan gaisuwa ta nemi ganin buhunan. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga ganye da bayan yatsa.

"Wa ke ba su ruwa?"

"Ni ce."

"Yadda take yi?"

"Yadda take yi."

Sannan ta yi mini bayani. Wuri uku aka kafa gwajin: cibiyar, da lambun mata, da gidanmu. Da wuri biyu kaɗai ba za su iya fitar da sanarwa ba, dokar aikinsu ke nan. In na gidanmu ya kai ga girbi a kan tsari, za a haɗa sakamakon, a raba wa mata irin kafin zafi mai zuwa, a faɗa a rediyo yawan ruwan da ya ishe shi, kuma rahoton zai fita da sunan Auta a gaba, don ita ta tsara shi. In bai kai ba, sai a sake baɗi, da wani ma'aikacin.

"Mama, ba dole ba ne," ta ce. "Ina iya turo mota a kwashe su, sai dai in an motsa su daga nan gwajin ya tashi."

"A bar su. Na shekara talatin ina koya wa yara kada su taɓa kwalbar da aka ce kada a taɓa."

Malam yana tsaye a bakin ƙofar kicin yana jinmu.

Daga nan ranakun suka samu siffa. Da safe ruwa, da yamma rula, ranar Asabar in tura wa Dakta abin da na rubuta. Zafi ya ƙaru. Da tsakar rana masu jan ƙyalle sukan saki ganye su rataye kamar wanki, sai da yamma su ɗan farfaɗo. Auta ta taɓa gaya mini haka ake so, yaushin rana ba mutuwa ba ne. Ban ji tausayinsu ba. Ban ji komai ba a lokacin, ko yunwa sai agogo ya gaya mini.

Malam ya daina fita. Da can yakan je majalisar abokansa da hantsi, yanzu sai ya ɗauki kujerar roba ya zauna a bayan gida, ya fuskanci katanga. Rediyon ma ya daina kunnawa. Wata rana ya ce, "Malama, wancan na ƙarshen ba zai kai gobe ba."

"Zai kai. Gobe ne ruwansa."

"Haka iyaye ke cewa, sai su kawo yaro ido ya faɗa."

"Tumatir ne, Malam."

"Na sani."

Sun fara fure lokacin da na lura jajayen sun rage yaushi. Da farko na ɗauka irin ne ya nuna halinsa, har na rubuta wa Dakta haka, ta amsa da cewa labari mai daɗi. Bayan wasu kwanaki lissafin ya fara ba ni mamaki: wasu jajayen sun kamo masu shuɗi a tsayi, wasu ba su motsa ba, kuma bambancin ba ruwansa da inda rana ke faɗowa. A ranar ƙishinsu ta biyu na tura yatsa cikin ƙasar buhu ɗaya. Sama a bushe, ƙasa da gaɓa ɗaya kuwa da sanyi.

Na ja buhun gaba. Tsakaninsa da katanga akwai ƙusa, a jikin ƙusar an rataye gorar ruwa a kife. Daga murfinta siririyar robar ƙarin ruwa ta asibiti ta sauko, da ɗan abin daidaita ɗigonta, bakinta a binne a gindin tumatirin. An manne ta a jikin buhun da filasta, gicciye biyu, yadda ake yi a hannun yaro don kada ya fizge. Aikin yana da tsabta. Na tsaya na ƙirga ɗigon, a hankali yake sauka, daidai wa daida.

Malam yana ɗaki a kwance, idonsa biyu. Na ajiye gorar da robar a kan tebur.

"Tun yaushe?"

Ya tashi zaune. "Tun ranar da kika je karɓo takardar asibiti."

"Wanne da wanne?"

"Wanda na ga ya fi galabaita. In ya farfaɗo in cire in kai wa na gaba."

"Kullum?"

"In kin kwanta da rana. Ko kin fita."

"Malam, ka tuna waɗanda ka sa wa? In ka tuna, sai a cire su daga lissafi, a yi da sauran."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Na gefen famfo. Da na ƙarshe. Da... Malama, ban riƙe ba. Ina jin duk sun samu."

"Auta ta ce kada a taɓa."

"Na ji ta. Ina wurin." Ya gyara zaman hularsa. "Da aka kira ni ranar nan, kafin in isa asibiti sun riga sun sa mata komai. Ko hannunta ban kama na nemo jijiya ba. Aka ce in jira a waje. Ni da na koya wa rabinsu."

Na duba zuciyata. Ban samu fushi a ciki ba. Na zauna a bakin gado har mai sayar da ruwa ya ƙwanƙwasa ƙofa na tashi na buɗe masa.

Da yamma ya same ni a bayan gida da rula a hannu.

"Ba sai kin gaya wa Dakta ba," ya ce. "Na daina. Daga yau ko kallonsu ba zan yi ba. Ɗigo ne, bai kai komai ba."

"Ya kai tsayin yatsa a mako biyu."

"Sunan Auta ne a kan takardar."

"Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Za a ce wa matan nan rana ɗaya ruwa, kwana biyu babu, zai yi. Su sayi ƙasa, su sayi taki, su bi abin da rediyo ya faɗa. Su ba su da mai rataya musu gora a bayan buhu."

"Wataƙila irin zai yi ko ba ni."

"Wataƙila. Ba mu sani ba. Da za mu sani."

Ya koma ciki. Ni kuma na ci gaba da awo, na rubuta lambobin a layinsu, ina sane ba su da sauran amfani. Haka na yi washegari, da ranar da ta biyo. Asabar ta zo ban tura komai ba. Ranar Litinin Dakta ta kira da kanta.

Na gaya mata yadda abin ya faru, da ranar da ya fara, da cewa ba a san buhunan da suka samu ba. Ban ce kuskure ba ne, ban ce ganganci ba ne. Ta tambaya ko masu shuɗi ma an taɓa su, na ce a'a. 

"Robar ƙarin ruwa," ta ce.

"E."

"Allah sarki, Baba." Ta ja numfashi. "To, Mama. Na gidanku ya fita. Abin da kika auna kafin ranar nan za mu ajiye, sauran ba zai shiga ba. Sai baɗi in Allah ya kai mu."

"Sunan fa?"

"Wanda ya yi na baɗi shi zai sa hannu. Ita za a ambace ta a ciki, cewa ita ta fara. Iyakar abin da zan iya ke nan, ba zan yi miki alkawarin da ya wuce shi ba."

Na ce na gode. Na gaya wa Malam a bakin ƙofar ɗaki, ya ce to.

Shugabar ƙungiyar mata ta zo bayan kwana biyu, Dakta ta riga ta sanar da su ba za a raba iri bana ba. Babbar mace ce mai yawan magana, a gabanta Auta ta faɗi. Na ɗauka za ta yi ƙorafi. Ta zagaya buhunan, ta tsaya gaban Malam.

"Baba, ashe kai ne likitan tumatir. Ka zo lambunmu mana, muna da marasa lafiya cike da layi."

Bai yi dariya ba, ita ma ba ta jira ya yi ba. Ta juyo gare ni ta ce su dai tsohon irinsu za su ci gaba da shukawa, ruwan da suka samu su ba shi, kamar yadda suka saba. Ta ce shekara ɗaya ba ta da yawa. Na ce haka ne.

Daga ranar Malam ya karɓi ban ruwan, a fili, da bokiti, safe da yamma, ba ja ba shuɗi. Ban hana shi ba. Tumatirin ya nuna kusan lokaci ɗaya, ya yi yawa. Maƙwabta suka ɗiba, aka kai wa malamin lissafi kwano guda, ya karɓa da hannu biyu. Mu ba mu ci ba, ba kuma don mun yi shawarar haka ba.

Da ganyen ya bushe, yayanta ya ɗauki hutu ya zo muka buɗe ɗakinta. Babur da famfon feshi na ofis ne, direbansu ya zo ya tafi da su, na sa hannu. Littattafanta na jami'a muka kai ɗakin karatu na kwalejin noma, suka karɓi rabi, suka ce sauran sun tsufa, yayarta ta ce a ajiye mata. Tufafi 'yan uwa suka raba. Takalmin robarta na shiga lambu shugabar mata ta ɗauka, ya yi mata kaɗan, ta ce za ta samu mai ƙafar. Ambulan ɗin iri da ke ƙofar firiji, kowanne da suna da kwanan wata da rubutunta, an mayar wa cibiyar. Wayar kuwa, yayanta ne ya riƙe. Ya ce har yanzu hotunan ganye na shigowa, yana tura wa kowa lambar ofis. Buhunan kuwa, matan ƙungiyar suka zo da baro suka kwashe, don ƙasar tana da sauran ƙarfi.

A aljihun rigar aikinta na samu ƙullin leda da wasu ƙananan iri baƙaƙe, ba suna, ba kwanan wata. Na kai wa Dakta, ta juya shi a tafin hannu ta ce wataƙila wata tsohuwa ce ta ba ta a lambu, kuma cibiya ba ta karɓar irin da ba a san asalinsa ba. Malam ya ce a shuka a gani. Na ce a bari tukuna. Yana cikin durowar kicin, tare da batura da ashana.